Wa ke riƙe da ikkilisiya idan fasto ya tafi?

A farkon watan Yuni na 2014 'yan Boko Haram suka yi kisan gilla a Attagara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a yankin Gwoza na jihar Borno, a watan Agusta kuma garin Gwoza kansa ya faɗa hannunsu. Mutanen bayan dutse, na Ngoshe da Gavva da Agapalawa da Arboko, suka yi ta tsallakowa Kamaru, wani da ƙunshi a ka, wani da rigar jikinsa kaɗai. Da yawansu a sansanin Minawao suka ƙare, kusa da Mokolo, wanda aka buɗe tun watan Yuli na 2013. Kafin Oktoba ta ƙare an ci Kwarhi da ke kusa da Mubi, hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, shugabanninta suka koma zaman wucin gadi a Jos. Ikkilisiyar da ta fara a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ta shekara casa'in da ɗoriya tana gini, sai ta wayi gari a wannan yanki ba majami'a, ba littafin rajista, ba asusun biyan albashi. Haka abin ya sami COCIN, wata ɗarikar Furotesta mai hedikwata a Jos, da Katolika da sauran ɗarikun Gwoza. Fastoci ma mutane ne masu mata da 'ya'ya. Wasu sun biyo jama'arsu zuwa nan Kamaru, wasu sun nufi Yola da Jos da Maiduguri, wasu an kashe su.

Duk da haka sujada ba ta tsaya ba. An taru a inuwar tamfol, daga baya aka kafa rumfuna, daga baya aka buga tubali. Idan ka tambayi dalili a kan mumbari za a ce maka Allah ne ya riƙe ikkilisiyarsa, kuma babu mai bi da zai musa wannan. Sai dai Allah da hannun mutane ya yi aikin, ya kamata kuwa a san su wane ne, a san yadda aka yi suka iya, a kuma san abin da ake binsu da abin da suke bin ikkilisiya. Maganar almajiranci da hidima, wadda muke yawan yi a taron ƙara wa juna sani, a nan aka gwada ta da gaske.

Kafin rikici, in ana so a san ko mutum cikakken memba ne, akwai abin da ake dubawa: katin baftisma, sunansa a littafin zakka, ko yana zuwa jibin Ubangiji, ko ya biya kasonsa na gini, ko aurensa na majami'a ne. Ba na raina waɗannan, domin jama'ar da ba ta da tsari ba ta daɗewa. Amma a sansani mutum zai zo ya ce shi dattijon ikkilisiya ne a ƙauyensu, ba shi da wata shaida sai bakin maƙwabtansa, in ma sun tsira. Sai ma'auni ya sauya da kansa ba tare da wata majalisa ta zauna ba. Wa zai iya ta da waƙa ba littafi a hannu, jama'a su amsa? Wa zai tsaya a bakin kabari ya karanta Zabura, ya yi addu'a muryarsa ba ta karye ba? Wa zai iya zama da matar da aka kashe mijinta a gabanta, ya yi shiru tare da ita har la'asar, bai cika ta da wa'azi ba? Waɗanda suka iya, su ne suka zama ginshiƙai. Wasunsu a gida ba a taɓa zaɓensu ko da mai kaɗa ƙararrawa ba. Wasu kuma da ake ji da su a gida saboda yawan baiko, da dukiyar ta tafi, sai aka ga ba abin da ya saura a hannunsu da za su ba kowa.

Wannan iyawa ba a ajin baftisma aka same ta ba. Aji na watanni yana koyar da Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji da amsoshin da za a ba fasto ranar tambaya, yana da amfaninsa. Amma yaron tela ba a allo yake koyon ɗinki ba. Yana zaune ne a shago shekara da shekaru, ya fara da sa maɓalli da guga, yana kallon yadda maigidansa ke yanka yadi da yadda yake lallashin mai kaya in an saɓa alkawari, kafin a bar shi ya hau keke. Markus ya ce Yesu ya zaɓi sha biyun nan domin su kasance tare da shi, daga baya ne ya aike su. Bulus kuma ya gaya wa Timoti ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane waɗanda za su iya koya wa wasu. Zama tare ne ya fara zuwa, aike ya biyo baya.

A wannan yanki namu ƙarancin ma'aikata ne ya tilasta wa mishan bin wannan hanya, ko sun so ko ba su so ba. Stover Kulp da Albert Helser su biyu suka fara a Garkida. Berge Revne na mishan ɗin 'Yan'uwa Lutheran ya sauka Lere a ƙasar Cadi a 1920, kafin aikin ya kai Yagwa. Adolphus Gunderson ya fara a ƙasar Gbaya a 1923, mutanen Norway suka zo Ngaundare a 1925. 'Yan tsirarun Turawa a ƙasa mai faɗi da harsuna barkatai ba za su iya kai wa kowane ƙauye ba. Dole aka dogara ga mai bishara: mutumin ƙauye, manomi, wanda ya ɗan iya karatu, a tura shi wani ƙauye da matarsa, a ba shi gona, da safe ya yi noma, da yamma ya tara yara a gindin itace yana koya musu baƙaƙe da waƙa. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp da ke Kwarhi da noma aka haɗa karatunta saboda wannan dalili. Mai bishara ba ya ba da baftisma, ba ya ɗaura aure, sai fasto ya zagayo. Amma shi ke nan ranar haihuwa, shi ke nan ranar mutuwa, shi ake tashi da tsakar dare in maciji ya sari yaro.

A ɓangaren Katolika akwai Simon Mpeke, wanda kowa a nan ya sani da Baba Simon. Mutumin kudu ne, yana cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa fada, wato firist, a 1935, yana riƙe da babbar majami'a a unguwar New-Bell ta Duwala. A 1959 ya bar ta ya taho arewa, ya zauna a Tokombere cikin mutanen duwatsu, yana hawa da sauka ba takalmi. Ya rasu a 1975, a 2023 kuma Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, matakin da ke kan hanyar sa shi cikin tsarkaka. Abin da tsofaffin Tokombere ke tunawa da shi ya fi karkata ga zamansa da su: ya shiga gidajensu, ya ci abincinsu, ya girmama dattawan da ke kula da addinin gargajiya a kan dutse maimakon ya zage su. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take, shi kuwa da ƙafar ya yi aikinsa.

Amma in za a faɗi gaskiya, makarantar almajiranci mafi ƙarfi da muke da ita ita ce Zumuntar Mata. Je ka tsaya a gefe ranar taronsu a tsakiyar mako. Za ka tarar da mata zaune a kan tabarma da kututture, zane iri ɗaya in an samu, in ba a samu ba kowa da nata. Ɗaya na buga bakin tulu da tafin hannu, biyu na kaɗa caki, wata ta ba da waƙa sauran su amsa. Waƙar sau da yawa su suka tsara ta, labarin Ayuba ne ko na Rut ko na ɗan da ya ɓace, baiti bayan baiti, har wadda ba ta san harafi ko ɗaya ba ta haddace labarin tsaf. Bayan waƙa a karanta aya, uwar zumunta ta ce, "To, 'yan'uwa, wa ke da magana?" Daga nan aikin gaske ke farawa. Wance ta haihu, wa zai kai mata ruwa da itace kwana bakwai? Wance mijinta ya tafi ƙwadago Garwa wata uku ba labari, yara ba su ci ba jiya. Wance da wance sun yi cacar baki a bakin famfo, ba sa gaisawa, a tashe su tsaye a shirya su yanzu. Sai a shimfiɗa ɗankwali a tsakiya, mai gwangwanin dawa ta zuba, mai sefa hamsin ta ajiye, mai ɗan gishiri a ƙulle ta kwance.

Amarya da aka kawo bana tana zaune a baya tana kallo. Ba wanda ya ce mata yau darasi na ɗaya. Baɗi za a ce, "'Yata, bi Mama ku je gaisuwar rasuwa." Shekara ta gaba a ba ta addu'ar rufewa, ta yi tana rawar murya. Bayan shekara goma ita ke wanke gawa, ita ke sasanta ma'aurata. Lokacin da aka watse a 2014, matan nan ba su bukaci izinin kowa ba kafin su ci gaba da abin da suka saba. Sun nemi juna a layin rajista, suka tambayi wa ya tsira wa ya mutu, suka sa rana. Ƙungiyar mawaƙa da 'yan Sabon Rai masu fita bishara da 'yan birged, wato ƙungiyar matasa masu fareti, sun yi irin wannan a tsakanin matasa, amma ba su kai mata jimiri ba, domin saurayi yana iya tashi ya tafi neman kuɗi, uwa mai goyo kuwa tana nan.

A nan ne nake da ƙorafi. Waɗanda suka ɗauki ikkilisiya a ka ba su ne ke zama inda ake yanke shawara ba. A majalisa za ka ga maza tara, mace ɗaya, ita ma sau da yawa an kira ta ne domin a ji nawa ke asusun mata. In baƙi za su zo, mata ne da girki. In za a yi gini, asusun mata ake fara dubawa. Ikkilisiyar Lutheran ta EELC da ke Ngaundare ta fara naɗa mata fasto a 2012, wasu ɗarikun ba su yarda da haka ba, kuma ba wannan muhawara nake son buɗewa ba. Ko ba naɗi, ana iya tambayar mutum ra'ayinsa kafin a ɗora masa kaya. Akwai mata a Zumunta da suka gaji tiɓis, suna jin kunyar faɗa, domin an koya musu cewa mai hidima ba ya gunaguni.

EYN ta gaji wata al'ada daga 'yan'uwan da suka kafa ta: kafin jibin Ubangiji ana wanke wa juna ƙafa, kamar yadda Yesu ya yi a Yohanna sura 13. Maza gefe guda, mata gefe guda, ga daro ga tawul. Dattijo mai furfura zai durƙusa gaban saurayi, ya kama ƙafar da ƙura ta rufe, ga kaushi ga faso, ya wanke ya share, su tashi su rungumi juna, saurayin kuma ya juya ga na kusa da shi. Duk taurin zuciyarka sai abin ya taɓa ka. To amma a Minawao cikin watan Maris ko Afrilu, ruwa ba abin wasa ba ne. Jarkoki ne jere a bakin famfo tun kafin asuba, ana jira ana faɗa. Ruwan da ke cikin daron nan wata yarinya ce ta kwana a layi ta ɗauko shi a ka. Kowa ya ga tawali'un dattijo. Sunan yarinyar ba ya cikin sanarwa, kuma ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba.

Sai maganar buhu, wadda ta fi kowace wuya. Rabon abinci na wata-wata hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi da katin rajista, ba ruwansu da addinin mutum. Amma akwai taimakon da ke biyowa ta hannun ikkilisiyoyi, 'yan'uwa daga Najeriya ko ƙetare su aiko da masara, atamfa, sabulu, kuɗin makarantar marayu. Wannan sai an rubuta sunaye, mai riƙe da biro kuwa ya zama mai iko ko bai nema ba. Makon da aka ji ƙishin-ƙishin mota na tafe, majami'a kan cika har waje, sai ka ji masu zuwa kullum suna cewa, "Waɗannan buhu ne ya kawo su." Wataƙila haka ne. Amma mai yunwa ba abin ba'a ba ne. Yesu ya gaya wa taron da suka bi shi cewa saboda gurasa suke nemansa, sai dai ya riga ya ciyar da su kafin ya faɗa. Haɗarin da ya fi girma yana wajen mai biro: sunan ƙanwar matarsa ya shiga, na tsohuwar da ke can ƙarshen sansani ya faɗi.

Ikkilisiyar farko a Urushalima a kan wannan ta fara samun tsaguwa. Ayyukan Manzanni sura 6 ta ce masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon kowace rana. Matsalar harshe ce da ƙabila, irin tamu sak. A sansani akwai Glavda da Guduf da Dughwede da Mafa da Lamang da sauransu, Hausa ce ta haɗa su a sujada. Amma tsohuwar da ta sauko daga kan dutse ba ta jin Hausa sosai, sanarwa takan wuce ta, ita ce kuwa ta fi kowa bukata. Manzanni ba su tsawata wa masu gunaguni ba. Sun ce jama'a su zaɓi mutum bakwai da aka yarda da su, kuma in ka duba sunayen, su Istifanas da Filibus, duka na Helenanci ne, wato daga ɓangaren da ya yi kuka aka ɗauko masu rabo. Su manzannin suka cire hannunsu daga buhu. Majami'un da suka zauna lafiya a kan wannan batu, abin da suka yi ke nan: fasto ba ya riƙe jerin sunaye, kowace ƙabila tana da ido a kwamiti, ana karanta sunayen da ƙarfi a gaban kowa, ana kuma fassara wa wanda bai ji ba.

Daga nan wata tambaya ta taso wadda dattawa suka sha yin gardama a kanta: ɗan gudun hijira zai fitar da zakka daga abincin agaji? Masu cewa e suna kawo ikkilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yaba a 2 Korintiyawa sura 8, waɗanda suka ba da hannu sake cikin tsananin talauci, da gwauruwa mai anini biyu. Masu cewa a'a suna cewa wannan abinci an auna shi ne daidai abin da zai hana mutum mutuwa, an kuma sha rage shi saboda ƙarancin kuɗin agaji, duk mudun da ya fita daga bakin yaro ya fita. A sura ɗin nan dai Bulus ya ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum ke da shi. Ni a ganina kuskure ne a rubuta zakkar agaji a littafi, ko a karanta sunayen waɗanda suka kawo, ko a hana wani jibi saboda ita. Kuskure ne kuma a hana mai son bayarwa. Mutumin da ya shekara goma yana miƙa hannu yana karɓa, ranar da ya zuba gwangwani guda a ɗankwalin nan yakan tuna shi ma mutum ne mai abin ba wani. Sai dai a lissafa tubalin da aka buga da kabarin da aka haƙa da ruwan da aka ɗebo a matsayin baiko, domin baiko ne.

Akwai kuma raunin da ba a cika taɓawa a fili ba. Wasu fastoci sun bar jama'arsu tun kafin abin ya iso, daga baya suka dawo suna neman kujerarsu a hannun mai bishara ko dattijon da ya tsaya. Mutane ba su manta ba, za ka ji ana raɗa ayar nan ta ɗan ƙwadago da ke gudu in ya ga kyarkeci. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda aka ritsa da su, aka sa musu wuƙa a wuya, suka furta abin da aka ce su furta. Akwai 'yan matan da aka kwashe, suka kuɓuto bayan shekaru da goyo a baya. Wurinsu ina ne a majami'a? A benci na baya tare da waɗanda ke ƙarƙashin horo, ko a teburin Ubangiji?

Wannan tambaya ta girmi kakanninmu, kuma a nahiyarmu aka fi yin ta. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya ba da umarni kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. A Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, Kiristoci da yawa suka yi hadayar, wasu suka sayi takardar da cin hanci, wasu suka ƙi aka ɗaure su ko aka kashe su. Bishop ɗin garin, Kipriyan, ɓuya ya yi, yana tafiyar da ikkilisiya da wasiƙu, aka kuma zarge shi da tsoro. Da ƙura ta lafa sai rigima ta tashi. Wasu suka ce a karɓi kowa nan take. Wasu, irin su Nobatiyan a Roma, suka ce wanda ya yi musu ya fita har abada. Majalisar da ta zauna a Kartaj a 251 ta bi tsakiya: a duba kowane mutum da halin da ya shiga, a ba shi lokacin tuba, ƙofa kuwa ba a rufe ta ba. Kipriyan da aka kira matsoraci, a tsanani na gaba bai gudu ba, aka fille masa kai a 258.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi biyu ne. Gudu kaɗai ba ya yanke wa fasto hukunci, Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Abin dubawa shi ne ko daga inda ya gudu ya ci gaba da neman tumakinsa, da kuma yadda ya dawo. Wanda ya dawo ya ce wa mai bishara, "Malam, sannu da ƙoƙari, nuna mini inda kuka kai," jama'a kan karɓe shi. Wanda ya dawo yana tambayar ina asusu, ko ya zauna a kujera ba a sake jin maganarsa. Game da waɗanda aka tilasta kuwa, matsayinmu ya ma fi na Kartaj sauƙi, domin yarinyar da aka sace ba ta zaɓi komai ba, ba ta da abin tuba a kai. Sa ta a horo zalunci ne a kan zalunci. Ɗan da ta dawo da shi kuma ba shi ya ƙona Ngoshe ba. A nan ma mata ne suka riga majalisa: tun ana muhawara a ɗaki, uwar zumunta ta riga ta ɗauki jaririn ta goya a gaban kowa. Bitrus sau uku ya yi musu, ba wuƙa a wuyansa, aka kuma ce masa ya yi kiwon tumaki.

Kada a ɗauka baƙi kaɗai abin ya shafa. Ƙauyukan Kamaru na bakin iyaka, su Turu da Kolofata da yankin Mayo-Moskota, sun sha hari, mutanensu sun yi gudun hijira a cikin ƙasarsu. A Nuwamba 2013 aka sace Fada Georges Vandenbeusch a Nguetchewe, aka sako shi ƙarshen Disamba. A Afrilu 2014 aka sace fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Tchere kusa da Marwa. Bayan haka Turawan mishan suka janye daga bakin iyaka, katikis da dattawa suka riƙe majami'u. Musulmi ma an kashe su da yawa, suna nan a sansani ɗaya, layin famfo ɗaya, kuma hidimar da ta tsaya a kan 'yan majami'armu kaɗai ba ta kai abin da aka umarce mu ba.

'Yan gudun hijirar da suka zauna cikin ƙauyuka da garuruwa maimakon sansani sun tarar da ikkilisiyoyin ƙasa, UEEC, haɗin ikkilisiyoyin bishara mai hedikwata a Marwa, EFLC ta 'Yan'uwa Lutheran mai hedikwata a Garwa, da Katolika, ana sujada da Fulatanci ko Mafa ko Faransanci. Wasu suka shiga suka koyi waƙoƙin, wasu suka ware suka kafa tasu da Hausa. Ba na ganin laifin mai son yin addu'a da harshen da ya saba. Abin da ke damuna shi ne inda rumfa uku ke jere, kowace da mutum talatin, bambancinsu kawai sunan ɗarika da sunan ƙauyen da aka baro. Wani lokaci abin da muke kira riƙe ikkilisiya, in ka tone, riƙe ƙabila ne da kujera.

A ranar 2 ga Maris 2017 Kamaru da Najeriya da hukumar kula da 'yan gudun hijira suka sa hannu kan yarjejeniyar mayar da masu son komawa, a 2021 kuma aka kwashi wasu zuwa Bama da Banki. Sojoji sun ƙwato garin Gwoza tun Maris 2015, amma ƙauyukan bayan dutse da yawa ba su zaunu ba. Shi ya sa dubban mutane ke zaune da ƙafa ɗaya a waje. "In Allah ya yarda baɗi muna gida," haka ake cewa kowace Kirsimeti. Wannan fata tana rayar da zuciya, tana kuma kashe himma: don me za a horar da malamin makarantar Lahadi, don me za a gyara rufi, tunda tafiya za a yi? Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai Babila a sura 29 cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da suke, alhali bai hana su sa ran komawa ba. Tarayyar Lutheran ta Duniya da hukumar 'yan gudun hijira sun jagoranci dasa itatuwa sama da dubu ɗari uku a Minawao da kewaye, darbejiya da zogale da sauransu, 'yan sansanin ne kuma suka yi dashen da ban ruwa. Yaran da aka haifa a shekarar da aka zo sun haura goma yanzu. Ba su san Gavva ba sai a labari, Hausa da Turancin makaranta suke ji, kuma su ne ya kamata a ce suna zaune a baya suna kallo kamar amaryar nan. Tsofaffin da suka iya aikin suna ta raguwa.

Wanda zai koya musu kuwa, mai bishara, shi ne aka fi mantawa da shi. Tsarin da ya haife shi ya dogara ne a kan gona: ƙauye ya ba shi fili, ya ci daga guminsa, ya yi hidima kyauta. A gudun hijira ba shi da fili. Sai ya yi hayar gona a wurin mutanen ƙauyukan kewaye kamar kowa, ko ya tafi ƙwadago, in kuwa ya tafi ajin yara ya watse. Ana tara kuɗi a tura mutum ɗaya makarantar tauhidi shekara huɗu, ba laifi, amma kashi kaɗan na wannan kuɗi zai kama wa masu bishara da yawa gona, matasa su yi musu gayya ranar shuka da ranar noman fari, su kuma su zauna a kan aikinsu. Masu gona a nan kafin ruwan farko suke karɓar kuɗin haya, ke nan majalisar da za ta yi wannan magana sai ta zauna a kanta tun watan Afrilu.